Eladio, Direban Masu Wankin Ƙoda

A ƙauyenmu babu gidan da Eladio Pardo bai ɓata wa rai ba, har da nawa. Matata ta taɓa hana shi cin abinci a teburinmu wata biyu cur, saboda ya ce shinkafa da zomon da ta dafa ta fi dacewa da kaji. Duk da haka, ranar da aka binne shi ni ne na yi kukan da sai da Fada ya dakata da addu'a ya jira ni.

Shekara hamsin da bakwai muna tare. Benci ɗaya muka zauna a firamare, rana ɗaya muka bar ta muna 'yan shekara goma sha biyu, muka shiga gonakin lemun tsami na bakin kogin Segura muna tsinka. Ni a cikin lemun na tsufa. Shi kuwa tun yana saurayi ya gane hannunsa na sitiyari ne. Ya ja babbar mota shekara ashirin da 'yan kai, yana kai lemunmu Faransa da Jamus, yana dawowa yana zagin abincinsu da hanyoyinsu da yadda suke dafa kofi. Gajere ne mai faɗin ƙirji, sanƙo ya cinye masa kai tun bai kai talatin ba. Ni yana kirana tsohon jaki, ni ina kiransa ƙwan jimina.

Ya auri Herminia, 'yar mai gidan burodi. Mace ce mai sanyin murya, kuma ita kaɗai ce a duniya za ta ce, "Eladio, ya isa," ya yi shiru. Allah bai ba su haihuwa ba.

Tana da shekara arba'in da huɗu ƙodarta duka biyu suka daina aiki. Aka sa ta wankin ƙoda a babban asibitin birni, Litinin da Laraba da Juma'a, awa huɗu a jikin inji. Eladio ya je ya kwanta a gaban likitoci ya ce a cire tasa ɗaya a ba ta. Aka gwada jini, bai dace ba. Ya zagi likitan, ya zagi jinin, ya dawo gida ya ajiye babbar motarsa. Ya nemi aikin tuƙa ƙaramar bas ɗin da ke zagaya ƙauyuka tana kwasar masu wankin ƙoda, don kawai ya zama shi ke kai ta, shi ke dawo da ita.

Aka rubuta sunanta a jerin masu jiran dashe. Jikinta mai wuyar sha'ani ne, an sha ƙara mata jini, ba kowace ƙoda zai karɓa ba. Aka ce su jira waya. Tun daga ranar babu wanda ya isa ya yi minti biyu a kan wayar gidansu. Ko ni na kira, kafin in gama gaisuwa zai ce, "Wani ya mutu ne? To sauka mana daga layi."

Rabin lita na ruwa aka yarda ta sha a yini. Wanda ya san zafin watan Agusta a wajenmu ya san abin da nake nufi. Takan tsotsi ƙanƙara, ko ta ɗora yankan lemun tsami a harshe. Eladio bai taɓa shan ruwa a gabanta ba tsawon shekara biyar. In ƙishi ya ci ƙarfinsa sai ya zagaya bayan gida ya kafa baki a famfon lambu kamar ɓarawo. Na gan shi da idona, kuma da ya san na gani da ya fasa min baki.

A shekara ta huɗu da fara jiran ne abin Fermin ya faru. Fermin ɗan Obdulia ne, yayar Eladio, shi kaɗai gare ta, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ni ne uban baftismarsa. Yaro ɗan shekara ashirin da uku, wata Juma'a da rana ya hau babur zai je bakin teku, mota ta kwashe shi a kwana. Eladio yana kan hanya da marasa lafiyarsa, don haka ni na kai Obdulia asibiti. Bayan kwana biyu likitoci suka kira ta wani ƙaramin ɗaki, ta riƙo hannun rigata ta ce in shiga tare da ita. Suka ce ƙwaƙwalwarsa ta mutu, inji ne kawai ke motsa ƙirjinsa. Sannan a hankali suka tambaye ta ko za ta yarda a ba wasu sassan jikinsa.

Ta ce, "Cikakke na haife shi, cikakke zan mayar da shi."

Ba su matsa mata ba. A mota, muna hanyar gida, ta ce, "Anselmo, abin da aka yi a ɗakin nan kada ƙanena ya ji." Na ce ba zai ji ba. Na ɗora hannu a ƙirji na faɗa.

Da safen ranar binnewa muna shagon kofi na Benito, Eladio ya juyo ya kafe ni da ido.

"Yaro lafiyayye, kwana biyu a kan inji, kuma babu wanda ya tambaye ta komai?"

Na tsura wa kofina ido.

"Tsohon jaki, da kai nake."

"Sha kofinka, Eladio."

"Sun tambaye ta ko ba su tambaye ta ba?"

Ban taɓa iya yi masa ƙarya ba tun muna yara. Na gaya masa. Ya ajiye kofin ya fita.

A maƙabarta aka tura akwatin cikin raminsa, hawa na uku, don a wajenmu a ramukan jikin bango ake binnewa. Magini ya hau tsani yana liƙe bakin ramin, mutanen ƙauye duka suna tsaye, babu abin da ake ji sai ƙarar cokalin gini. Sai muryar Eladio ta fito daga baya, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

"Liƙe da kyau, kada iska ta shiga. Yayata ta ajiye wa tsutsotsi ƙoda biyu masu lafiya."

Maginin ya tsaya da cokali a hannu. Obdulia ba ta ko waiwayi ƙanenta ba. Ni ta kalla.

Ba zan kare shi a kan wannan ba. Mugunta ce, kuma ba ta da ma tushe, domin ko da Obdulia ta yarda, ba ita za ta zaɓi wanda za a ba wa ba. Jerin ne ke zaɓa, wataƙila wani can a arewa za a kai wa. Herminia da kanta ta gaya masa haka a gabana, kuma ran nan ko "ya isa" ɗinta bai yi aiki ba. Ta ja jiki ita kaɗai ta je ƙofar Obdulia don ta ba da haƙuri, ta yi ta ƙwanƙwasawa ba a buɗe ba. Bayan wata goma sha huɗu ta rasu, wayar ba ta taɓa bugawa ba.

Kowa ya zaci zai bar bas ɗin. Ya ƙara shekara goma sha uku a cikinta.

Marasa lafiyar suna tsoronsa, suna kuma faɗa a kan wanda zai zauna kusa da shi. Yakan tsaya a ƙofar bas yana binciken jakunkunansu kamar ɗan kwastan, don an hana su ayaba da kifi mai gishiri da abubuwa da yawa.

"Donya Matilde, mene ne wannan?"

"Na jikana ne."

"Jikanki yana Barcelona. Amma ci abinki, in kin mutu na huta da ɗaukar ki a matakala. Kin fi buhun dankali nauyi."

"Uwarka ce buhun dankali."

"Ba ni ayabar."

Kuma da gaske a bayansa yake hawa da ita bene hawa biyu in ta dawo jiri na ɗibarta. In aka yi wa ɗayansu dashe, sai ya ce, "Sauka, kada in ƙara ganin mummunar fuskarka a motata," sannan ya yi kwana uku yana fito a kan hanya. In ɗaya ya mutu yana jira, ranar ba a yi masa magana. Ya san sunan duk wanda ya mutu a jerin tun daga kan Herminia, da ƙauyensa, da shekarun da ya yi yana jira. Wani lokaci a shagon Benito, muna tsakiyar karta, sai ya fara jero su har mutane su tashi su bar teburin. In ya ji wani gida an tambaye su sun ƙi, ya daina gaida su ke nan har abada. Haka ya rasa rabin ƙauyen, sauran rabin kuma dama bakinsa ya riga ya kore su.

Game da kansa kuwa, babu wanda bai ji ba. "Ni in na mutu a kwashe komai. Abin da ya rage a ba karnukan Benito."

Na sha gaya masa ya je ofishin lafiya ya rubuta wasiyyarsa a rajista, ya sa sunan wanda zai yi magana a madadinsa. Aikin rabin awa ne.

"Don me? Doka ta riga ta rubuta min. Duk wanda bai rubuta ƙi ba, ya yarda ke nan."

"Doka daban, abin da likitoci ke yi daban. Dangi suke tambaya. Kai ka fi kowa sani."

"Ni ina da dangi ne? Kai za su tambaya, ai kai ne matata yanzu. Mummunar mata, amma haka na samu."

"Obdulia fa?"

"Ta girme ni da shekara shida, ga hawan jini. Ni zan binne ta."

A watan Maris ɗin bana, wata Litinin da safe, ya sauke marasa lafiyarsa a ƙofar asibiti, ya gyara fakin, ya kashe mota. Mai gadi ne ya gan shi kife a kan sitiyari. Jijiya ce ta fashe a kansa. Kwana tara ina zuwa kullum, ina zama kusa da gadonsa, inji yana hura masa numfashi. Ina ba shi labarin wanda ya ci karta da wanda ya yi maguɗi. Obdulia ba ta zo ba, ko da yake ta ji tun ranar farko.

Rana ta tara wata likita mai suna Leonor ta kira ni. Ita ce mai kula da sha'anin dashe. Da na ga ɗakin sai na gane shi ne wanda na shiga da Obdulia, kujerun kawai aka canza.

Ta yi min bayani yadda zan gane. Ta ce ƙwaƙwalwar Eladio ba ta mutu gaba ɗaya ba kamar ta Fermin, amma ba zai farka ba har abada, kuma likitocinsa sun ga ci gaba da riƙe shi a inji wahalar da shi ne kawai. Za a cire injin ko da dashe ko babu. In an yarda da kyautar, za a shirya komai kafin a cire. Sai a jira zuciyarsa ta tsaya da kanta. In ta tsaya, babu mai taɓa shi har minti biyar, sannan a shiga aiki da sauri. Amma in ta wuce awa biyu tana bugawa a raunane, sassan za su lalace, ba za a ɗauki komai ba.

Na ce, "Ai ya yarda. Ku tambayi duk wanda ya taɓa shiga motarsa."

"Mun sani, Don Anselmo. Babu ma'aikacin asibitin nan da bai ji daga bakinsa ba. Amma bai rubuta ba, kuma yana da 'yar'uwa."

"Shekara goma sha huɗu ba su yi magana ba."

"Duk da haka ita ce jininsa. Ba ma taɓa mutum in danginsa sun ce a'a. Na kira ta sau biyu, tana jin sunan asibiti take ajiye waya." Ta ƙara da cewa, "Huhunsa ya fara kamuwa da ciwo. In ciwon ya shiga jini, magana ta ƙare. Kwana biyu muke da shi, in ya yi yawa uku."

Washegari da hantsi na tafi gidan Obdulia. Gida bakwai ne tsakaninmu, amma tun ranar maƙabarta ban taka ƙofarta ba. Na same ta zaune a bakin ƙofa cikin baƙaƙen kayanta, da kwano a cinya tana ɓarar ɗanyen wake. Akwai wata kujera a gefenta, ta ɗora ƙafa a kai.

"Obdulia, ina kwana."

"Ya mutu?"

"Tukuna."

"To me ya kawo ka?"

Na gaya mata duk abin da likita ta ce. Ba ta daina ɓarar wakenta ba.

"Wato yanzu ni ake jira."

"Ke ake jira."

"Ikon Allah. Mai ajiye wa tsutsotsi abinci ita ake jira." Ta watsa ɓawo a ƙasa kusa da takalmina. "Shi ya aiko ka?"

"Ba ya magana, Obdulia."

"Karo na farko a rayuwarsa."

"Ba don shi ba. Akwai mutane a jerin nan, wasu yara ne, wasu..."

"Kada ka karanta min jerin nan a ƙofar gidana. Na ji shi ta bakin mutane shekara goma sha huɗu. Ka san abin da yaran unguwar nan suke kirana bayan binne ɗana? Ka san mata nawa suka tashi daga bencina a coci? Ɗana yana cikin akwati, simintin bai bushe ba, kai kuma kana tsaye kamar itace da hularka a hannu. Kai da ka riƙe shi a gaban Fada ranar baftisma."

"Na yi kuskure."

"Kuskure shi ne mutum ya zuba gishiri a kofi. Kai hannu ka ɗora a ƙirji."

Na tsaya a rana, ita tana inuwa. Maƙwabciyarta ta leƙo ta taga ta koma.

Na ce, "In kina so in durƙusa, zan durƙusa. A nan ko a gaban coci ranar Lahadi."

"Gwiwarka ba ta da amfani a wurina." Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta goge hannu a jikin riga. "Ka zaci zan ƙi, ko? Ku duka kun zaci zan ƙi, don ku samu abin faɗa a shagon Benito na wasu shekara goma sha huɗu. Zan sa hannu. Su kwashe duk abin da suka samu, in akwai abin kirki a cikinsa."

Na fara yi mata godiya, ta ɗaga hannu.

"Ban gama ba. In za a cire injin, ni kaɗai zan shiga. Kai ba za ka shiga ba. Ba za ka tsaya a bakin ƙofa ba, ba za ka leƙa ta gilashi ba."

"Obdulia, kwana tara ni ke zaune da shi."

"To ka zauna ya ishe ka."

"Me za ki yi a ciki?"

"Ina da magana da shi. Wannan karon ba zai katse ni ba."

"Mutum yana mutuwa za ki tsaya kina zaginsa?"

"Shi ya jira an gama binne nawa?" Ta ɗauki kwanonta. "In na ga fuskarka a ɗakin, zan ce na fasa, kuma ka san za su saurare ni. Ka zaɓa."

Na koma wurin Leonor na tambaye ta ko Obdulia tana da ikon hana ni. Ta ce ana barin mutum biyu ko uku su shiga, amma da yardar dangi. Ta ce za ta iya roƙonta. Na ce kada ta roƙe ta. Na san Obdulia tun tana goya Eladio a baya tana kai shi makaranta. Jininsu ɗaya, in aka matsa musu sai su fasa kowa ya rasa.

Ban taɓa tunanin zai mutu ba na kusa ba. Lokacin Herminia shi ya riƙe hannunta na dama, ni ina tsaye a bayansa da hannuna a kafaɗarsa. Na ɗauka haka za a yi masa, na ɗauka haka zai yi min in ni na riga shi. Amma na san abin da zai ce in na ɓata ƙoda biyu don in riƙe masa hannu. Da ya tashi daga gadon ya shaƙe ni.

Aka sa Juma'a, ƙarfe goma na safe. Na zo da bakwai da reza da sabulu, na roƙi nas ta bar ni in yi masa aski. Gemunsa ya fito fari fat, shi kuwa bai taɓa fita aiki da gemu ba. Na bi gefen bututun da ke bakinsa a hankali. Na goge masa sanƙon da tawul mai ɗumi. Na ce, "Ƙwan jimina, yayarka ce za ta zo. Ni ina waje, ba nisa. Ka yi haƙuri, kai ka ƙi zuwa ofishin lafiya." Na sumbaci goshinsa, abin da ban taɓa yi ba. Na kuma ce masa, "Kada ka yi taurin kai yau. Awa biyu kawai suka ba ka."

Obdulia ta iso goma saura kwata, ta wuce ni kamar ta wuce kwandon shara. Aka sa mata riga da hula na asibiti, aka shiga da ita. Ni aka nuna min benci a baranda, ƙofa biyu tsakanina da shi. Akwai agogo a bango. Wata nas ta fito ta ce min an cire, goma da minti goma.

Ban san yadda zan faɗi abin da ya biyo baya ba. Na zauna ina roƙon Allah ya tsayar da zuciyar abokina. Mutumin da na fi so a duniya bayan matata da 'ya'yana, ina kallon agogo ina cewa yi sauri, yi sauri. In na kama kaina sai in daina, bayan minti biyu in sake farawa. Sha ɗaya ta yi. Sha ɗaya da minti goma. A ƙarshen barandar na hango wasu likitoci biyu cikin korayen kaya, hannuwansu a naɗe, su ma agogon suke kallo. Nas ɗin ta sake fitowa ta kawo min ruwa a kofin roba.

"Zuciyarsa tana da ƙarfi," in ji ta.

"Yana shan wahala?"

"A'a, an ba shi magani. Barci yake."

"Ita fa, me take yi?"

Ta dube ni, ta ce ba ta da izinin faɗa.

Sha ɗaya da rabi ta wuce. Na fara zaginsa a zuciyata da irin zagin da yake yi wa mutane. Na ce shekara goma sha uku kana cika mana kunne, yau ga ranar ta zo kana jan ƙafa. Sha biyu saura kwata sai na ga likitocin nan biyu sun miƙe tsaye sosai. Babu wanda ya motsa. Na ƙirga minti biyar ɗin tare da su a agogon bango, kuma a cikinsu ne na san ya tafi. Daga nan suka shige da sauri, ƙofa tana kaɗawa a bayansu.

Obdulia ta fito tana cire hular. Fuskarta a bushe, ba alamar kuka. Na miƙe.

"Ya tafi," ta ce, ta miƙa wa nas rigar, ta nufi matakala.

Da la'asar Leonor ta same ni har lokacin ina kan bencin. Ta ce bayanin abin da aka ɗauka dangi ake ba wa, kuma wanda aka ba wa ba a faɗa wa kowa. Sannan ta zauna kusa da ni ta ce, "Abin da yake so ya samu, Don Anselmo. Iyakar abin da zan iya gaya maka ke nan."

Aka binne shi ranar Lahadi a ramin da ke saman na Herminia. Mutane sun fi yadda na zata, yawancinsu daga wasu ƙauyuka, wasu da sanda, wasu a keken guragu. Obdulia ta tsaya a gaba a matsayin dangi, ana ba ta hannu ana yi mata ta'aziyya, ni ina can baya. Da aka watse na tare ta a ƙofar maƙabarta.

"Abu ɗaya zan tambaye ki, ba zan ƙara damun ki ba."

Ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Awa ɗaya da minti talatin da biyar kina ciki. Kin riƙe masa hannu?"

Sai a lokacin ta dube ni, daga hula har takalmi.

"Ba zan gaya maka ba, Anselmo. Kai ba ka iya riƙe magana."

Wata bakwai ke nan. Muna haɗuwa a gidan burodi kusan kowace safiya, ba na gaishe ta, ba ta gaishe ni. Matata ta ce in yafe mata, ai ta sa hannu, wasu mutane biyu suna can suna shan ruwa son ransu saboda ita. Na sani. Amma ban san ko zaginsa ta yi har ya cika ba, ko shiru ta yi a kusurwar ɗaki ta bar shi ya tafi babu hannun kowa a jikinsa. Ita kaɗai ta sani, kuma ta fi ni iya riƙe magana.